Shin allurar korona tana sauya halittar mutum?

Alhaji Mai Tumatir (Mile 12): Salamu alaikum jama'a. An turo mini wata murya, mai maganar ya ce allurar korona ta Pfizer da Moderna akwai wani abu RNA a ciki, idan ya shiga jiki sai ya sauya halittar mutum har ta jikokinsa. Ni kam na gaskata. Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗalibar Likitanci (Idi-Araba): Wa'alaikumussalam Baba. RNA ba baƙo ba ne a jikinka, kusan kowace ƙwayar halitta tana ƙera shi dare da rana, har tumatirin da kake sayarwa yana da nasa. DNA shi ne babban kundin mai gida, a kulle a tsakiyar ƙwayar. Idan ana buƙatar wani furotin, sai a kwafo layin da ake so a 'yar takarda a fito da ita, a ƙera abin, a yage takardar. Takardar nan ita ce mRNA. Ta allurar ma a waje take tsayawa, ba ta shiga inda DNA yake, kuma ba ta daɗewa take narkewa.

Direban Tirela (Apapa): To in narkewa take, me ya sa ake ta ɗawainiya da ita?

Ɗalibar Likitanci: Kafin ta narke ta sa jiki ya ƙera furotin ɗin ƙayar da ke bayan ƙwayar cutar, garkuwar jiki ta gane shi. Saurin lalacewarta ne ma ya sa da farko ake ajiye ta Pfizer a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili.

Malamin Makaranta (Agege): Ƙanwata, dakata. Ai ƙanjamau RNA gare shi, kuma yana cusa kansa cikin DNA. Ya za ki ce ba ya yiwuwa?

Ɗalibar Likitanci: Gaskiya ne Malam, amma ƙanjamau yana zuwa da nasa sinadaran da ke juya RNA ya koma DNA, su kuma liƙa shi. Allurar ba ta ɗauke da su. Kuma tun 1961 aka san mRNA, a 2023 Katalin Karikó da Drew Weissman suka samu kyautar Nobel kan aikin da ya buɗe hanyar allurar.

Alhaji Mai Tumatir: 'Yata, kyautar Turawa ba ta dame ni ba. Mu 'yan Kano ba mu manta 1996 ba, lokacin sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, gwajin da aka sa yara wajen 200 a ciki.

Malamin Makaranta: Wannan kam ya faru, Alhaji, har an biya diyya. Amma gwaji ba bisa ƙa'ida daban, sauya halitta daban.

Direban Tirela: Ni a 2021 aka yi mini, AstraZeneca ce.

Ɗalibar Likitanci: Taka ma ba ta mRNA ba ce, Yaya.

Alhaji Mai Tumatir: To a turo min bayanin da murya, in saurara bayan Magariba. Mota ta iso daga Kadawa, zan sauke kaya.