Wa ya taɓa gwada gano jini da sinadari a ɗakin gwaji na makaranta?

Malamin kemistiri, Zariya: Assalamu alaikum malamai. Zangon nan nake so in nuna wa 'yan aji biyar gwajin Kastle-Meyer, wanda masu binciken laifi ke gane tabon jini da shi. Don Allah wanda ya taɓa yi da ɗalibai ya ba mu labari, musamman inda ya samo jinin.

Malama, Katsina: Wa alaikumus salam Malam. Jinin saniya na karɓo a mahauta. Ban yarda yaro ko ɗaya ya soki yatsarsa ba, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da jini ke ɗauka. Na yayyanka farin ƙyalle, wani na ɗiga masa jini, wani zoɓo, wani manja, wani miyar tumatir, na bari suka bushe. Da jinin ya bushe sai ya koma ruwan ƙasa, zoɓon kuwa ja zur, don haka da na tambayi wanne ne jini, yawancin yaran zoɓon suka nuna. Sai muka jiƙa auduga muka goga a kowane tabo, muka ɗiga etanol, sannan ruwan fenolftalin (sinadarin da ke canza launi a gwajin), sannan haidirojin feroksaid. Audugar jinin nan take ta zama ruwan hoda, sauran ko gezau. Sinadarin himogulobin, mai sa jini ja, shi ne ke hanzarta aikin feroksaid ɗin har launin ya fito.

Mai kula da ɗakin gwaji, Kano: Malama ta yi daidai, amma a kula da jerin nan. In launi ya fito tun kafin a ɗiga feroksaid, ba jini ba ne, wani sinadari ne ya yi shi. In kuma an wuce daƙiƙa 30, kar a lissafa, iska kaɗai na iya sa shi. Ni a kwalba mai duhu nake ajiye ruwan fenolftalin ɗin, da ɗan zinki a ƙasanta. Safar hannu da tabarau dole ne, don yana da ƙuna.

Ɗaliba, jami'a: Mu luminol aka nuna mana, wani sinadarin gano jini na daban. Aka kashe fitilu, aka fesa, tabon da aka riga aka wanke ya yi wani shuɗin haske. Amma tebur ɗin da aka goge da bilic shi ma ya haska.

Malama, Katsina: Haka ne ƙanwata. A gwajin Kastle-Meyer ma, ɗanyen dankali kan iya ba da ruwan hoda. Shi ya sa nake nanata wa yara cewa gwajin nan "wataƙila jini ne" kawai yake faɗa, kuma ba ya bambance na mutum da na akuya. Wannan sai an kai babban ɗakin bincike.

Malamin kemistiri, Zariya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan sa dankalin cikin tabunan da gangan, in ga wanda zai lura.