Neman shawara: ɗalibaina duk sun zaɓi "na yarda ƙwarai", ya zan yi da sakamakon?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku agaza mini, kaina ya ɗaure. Ina binciken digiri na biyu kan buƙatun zuciya na ɗaliban sakandare, wato abubuwa ukun da masana halayyar ɗan Adam Deci da Ryan suka ce kowa na buƙata: mutum ya ji da son ransa yake yin abu, ya ji ya iya, ya kuma ji akwai masu damuwa da shi. Asali kan tsoron jarrabawa na so yi, har na gama babi na farko, malamin da ke duba aikina ya ce an cika yin sa. Na koma wannan, shi kuma ya tafi hutu. Wanda ya riƙe masa ya ce in sauya take, da ya dawo ya ce da izinin wa na sauya. Ga koyarwa, ga lokacin miƙa aiki ya ƙarato, barci ma ya gagare ni. To, na samo ma'auni, wato takardar tambayoyi, da Tian, Han da Huebner suka fitar a 2014 don matasa 'yan makaranta, na fassara, na raba. Da na tattara sai na ga kusan kowa ya bi layi ɗaya daga sama har ƙasa. Wata yarinya ma layi dogo ta ja da biro, ya ratsa akwatunan gaba ɗaya. Alfa, wato lissafin da ke nuna ko tambayoyin ɓangare ɗaya sun dace da juna, bai kai 0.7 da ake so ba a ɓangaren 'yancin zaɓi. In cire tambayoyin da suka ɓata lissafin ne, ko in sake rabawa?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Malama, ba ki faɗi yara nawa ba ne, ko 'yan aji nawa. Wa ya fassara? Wa ke tsaye a aji lokacin da suke cikewa? Sun rubuta suna?

Maman Hanifa: Ni na fassara, harshena ne, na kuma fi kowa sanin yaran. Malamin ajinsu ya tsaya don kada su yi surutu. Lambar rajista kawai suka sa, saboda ina so in haɗa da makinsu.

Malam Bashir: To ga matsalarki nan. Ki tambayi yaro ko ana jin ra'ayinsa a makaranta, malami na tsaye a kansa, lambarsa na saman takarda, me kike so ya ce? Tsoro kika auna. Idan amsoshi suka taru wuri ɗaya babu bambancin da alfa zai kama. Fassara kuma ƙa'idarta mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita, sannan a gwada biyun. Wancan ma'auni da ɗaliban ƙasar Sin aka gina shi. Ki ajiye shi, ki ɗauki na Chen da abokan aikinta na 2015, tambayoyi 24, an gwada shi a Beljiyam, Sin, Amurka da Peru. Yana auna biyan buƙata daban, tauye ta daban. Yaron da ba a ba zaɓi ba da wanda ake tursasawa kullum ba halinsu ɗaya ba. Kada ki cire ko tambaya ɗaya.

Anti Rabi: Wayyo ƙanwata, kin tuna mini da nawa. Sai da na gama raba takardu malamina ya ce bai taɓa amincewa da ma'aunin ba, alhali sa hannunsa na jikin takardar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ni dai ki cire tambayoyi biyun da suka fi ja da baya, ki bayyana a rubuce, ki wuce. Kowa haka yake yi.

Abban Sadiq: Malam Bashir, a yi mini afuwa, gwajin ƙasashe huɗun nan da ɗaliban jami'a aka yi shi. Na Maman Hanifa kuwa don 'yan makaranta aka tsara. Ni a ganina kalmar 'yanci ce ta rikita yaran, sun ɗauka rashin biyayya ake nufi. Ta zauna da yara kaɗan, su karanta kowace tambaya a bayyane su faɗi abin da suka fahimta.

Malam Bashir: Na san da haka, amma an yi masa sigar yara daga baya. Shawarata tana nan.

Malama Zainab: Ni malamar aji ce, kuma gaskiya mun gaji. A zo a cinye mana darasi, a kwashi takardu, ba a sake waiwayarmu. Yaron da ya rubuta cewa ba shi da aboki ko ɗaya a makaranta, wa ya taɓa komawa ya neme shi? Kin ma nemi yardar iyayensu?

Maman Hanifa: Shugaban makaranta ya ba ni izini a rubuce, Malama. Malam Bashir, malamin ajin nan mutum ne mai sauƙin kai, yaran na son sa, ban yarda tsoronsa suka ji ba. Wataƙila da gaske suna jin daɗin makarantar. Lambar rajista kuma in na cire ta, babi na huɗu ya rushe. Sauya ma'auni yanzu sai an sake zaman amincewa, ni kuma ba ni da wannan lokacin.

Malam Bashir: Yarinyar da ta ja layi ma daɗin take ji? A ba kowane yaro lambar sirri, wani daban ya riƙe jerin sunayen.

Anti Rabi: Malam, kai ba kai za ka biya kuɗin ƙarin zango ba.

Maman Hanifa: Na gode duka, Allah ya saka. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini in na cire tambaya biyu cikin ɓangare ɗaya, masu jarrabawa za su karɓa? Jibi zan ga malamina.