Laburare, rumbu ko dami? Sunan abin da ke cikin /usr/lib

Jama'a, ina fassara wa ɗalibaina bayanin Linux From Scratch (LFS), wato yadda mutum zai gina tsarin Linux da kansa tun daga tushe, na zo wurin tsara foldojin /lib da /usr/lib sai na tsaya cak. Kowa "laburare" yake cewa, wasu ma su rubuta "ɗakin karatu". Amma libc.so.6 ba ɗaki ba ne, fayil ɗaya ne da aka ɗaure ayyuka a cikinsa, irin su printf da malloc, manhaja ta zo ta ɗauka. Ɗakin shi ne inda ake ajiye shi. Kalma ɗaya muke ɗora wa abu biyu, shi ya sa ɗalibi ke ruɗewa.

Shawarata: fayil ɗin mu kira shi dami, wurin ajiyarsa rumbu. Kowane aiki a ciki zangarniya ce. Mai ƙarewa da .so, wanda manhajoji da yawa ke amfani da kwafi guda nasa, damin gandu. Mai ƙarewa da .a, wanda ake ɗiba a cusa cikin manhajar tun lokacin haɗa ta, damin gayauna (gayauna ita ce gonar mutum ta kansa, ba ta gandu ba).

Wani malami ya ce mini, "Malam, ai rumbu ya riga ya zama na adana bayanai, ka bar shi, ka ce taska." Gaskiyarsa. Amma taska ta abin da ake ɓoyewa ce, /usr/lib kuwa kullum a buɗe take. Na fi son a ce rumbun dami, ya bambanta da rumbun bayanai.

Ku gwada da matsalar lib64. A injin x86-64, mai bit 64, manhaja tana neman mai lodinta, wato fayil ɗin da ke ɗauko mata dami idan za ta fara aiki, a /lib64/ld-linux-x86-64.so.2, an rubuta wannan hanyar a jikinta. Fedora, wani nau'in Linux, ta gina rumbu biyu, /usr/lib64 na masu bit 64, /usr/lib na masu 32. Debian, wani nau'in kuma, ta yanka ɗakuna a cikin rumbu ɗaya, kamar /usr/lib/x86_64-linux-gnu. LFS rumbu ɗaya ya zaɓa, /usr/lib, har ana gyara GCC, mai haɗa manhajoji, don kada ya zuba dami a lib64, sai a bar /lib64 da manuniya kawai (fayil mai nuna hanya zuwa wani wuri) zuwa ga mai lodi. Tun bugu na 11.0 a 2021 ma /lib kanta manuniya ce zuwa /usr/lib. Na faɗa wa ɗalibai haka da Hausa, babu wanda ya nemi in maimaita.

Wata 'yar'uwa ta kawo abin da ya fi damuna: idan aka ɗebi dami yana raguwa, wannan kuwa ba ya raguwa. Haka ne, Malama, kwatancen ya gurgunce a nan. Amma laburare ma aro ake yi a mayar, kuma babu manhajar da ke mayar da printf.

A darasin gobe zan rubuta rumbun dami da damin gandu a allo. Damin gayauna ne ban gama natsuwa da shi ba, tun da 'yan birni da yawa ba su taɓa jin gayauna ba. Mai wata kalmar ya kawo.