Bismillar da ba gayyata ba ce: wa ya kasa gane wa?

Ɗan'auta: Ina da otizim, wato bambancin aikin ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke hulɗa da jama'a, kuma har yau nazarinku nake yi kamar mai koyon baƙon yare. Jiya na tarar da maƙwabcinmu da ɗan kwanon tuwo, ya ce "bismillah". Na wanke hannu na zauna. Da dare Yaya ta kira ni, wai na zubar mata da mutunci, cewa ake yi "alhamdu lillahi, na ƙoshi". To ga da'awata: ba mu muka kasa fahimtar mutane ba, ku ne ba kwa faɗin abin da kuke nufi.

Kawu: Yaro, wannan kara ce, ba ƙarya ba. Shi ya yi tayi don kada a ce marowaci ne, kai ka ƙi don kada a ce makwaɗaici ne, kowa ya tashi da girmansa. Mai zazzaɓi ma "lafiya lau" yake amsawa.

Ɗan'auta: Ranka ya daɗe, a wane aji ake koyar da wannan?

Malama: Ba a koyarwa, tsinta ake yi, kuma nan gizo ke saƙar. A 1985 masu bincike Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Uta Frith sun gwada yara da 'yar tsana biyu, Sally da Anne. Sally ta ajiye ɗan dutsen wasanta a kwando ta fita, Anne ta mayar da shi akwati. Ina Sally za ta duba? Cikin yara 20 masu otizim, 16 sun nuna akwati, sun ɗauka Sally ta san abin da su suka gani. Hasashen zuciyar wani na ba ku wuya, ƙanena, ba zagi ba ne.

Ɗan'auta: Ku kuma kuna iya hasashen tawa? Damian Milton, masani a Birtaniya, shi ma mai otizim, ya rubuta a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu take. A 2020 Catherine Crompton ta Jami'ar Edinburgh ta gwada: mutum takwas-takwas, ana miƙa labari daga baki zuwa baki. Layin masu otizim zalla ya riƙe labarin kamar layin marasa shi. Inda aka cakuɗa mu ne ya fi zubewa a hanya.

Malama: Manya ne masu magana aka gwada. Ina da ɗalibin da ko ruwa bai iya roƙa ba. Kada a shafa mana cewa komai bambancin yare ne.

Ɗan'auta: Na yarda, ban yi magana da yawunsa ba.

Yaya: Ni dai zancen ido ne ya tsaya mini. A Turai yaron da ba ya kallon idon mutum ana ganin alamar otizim ce. Mu nan Ɗan'auta yana sunkuyar da kai, Inna sai ta ce ga yaro mai kunya. Shekara da shekaru muna yabonsa, ashe kallon ido ne ke takura shi. Amma tuwon mutane fa ka cinye rabi.

Ɗan'auta: Miyar kuka ce, da man shanu.

Kawu: Ja'iri. Ka zo gida ranar Juma'a bayan masallaci. Wannan bismillar ta gaske ce.

Ɗan'auta: Ƙarfe nawa, Kawu? Kuma in an ce in ƙara, in ƙara?