Alkawuran daren ketarewa duk sun watse, ga Maris ya shigo, yaya zan yi?

Salama 'yan'uwa. Dan Allah ku ba ni shawara, abin ya fara hana ni barci. Daren 31 ga Disamba a majami'armu nan Bukuru Fasto ya ce kowa ya rubuta abin da zai yi wa Ubangiji a sabuwar shekara, ni ko da zafi-zafi na rubuta zan karance Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, zan riƙa azumi duk Laraba, sannan na cika katin gudummawar ginin majami'a da kuɗin da a lokacin na ga kamar ba komai ba ne saboda ɗinkin Kirsimeti ya kawo ciniki. To Janairu ta zo, kuɗin makarantar yara, haya, shago shiru ba mai kawo ko gyaran zip, karatun kuma na tsaya cak a Littafin Firistoci, azumin ma olsa ta ce ba ta san zancen ba. Yanzu ko ganin ma'ajin kwamitin gini na yi sai in canza hanya. Na karanta Mai Wa'azi 5 inda ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka ƙi cikawa, gabana sai faɗuwa yake. Zunubi ne a kaina? In bari sai wata Janairu in sake sabon lale?

Malamar Sande Sukul:
'Yar'uwa kwantar da hankalinki, Firistoci ya kayar da mutane da yawa ba ke kaɗai ba. Lissafi ne kawai, Farawa sura 50, Fitowa 40, in kina cin sura uku kullum ƙarshen Janairu za ki faɗa cikin hadayu da dokokin kuturta, daidai lokacin da zafin sabuwar shekara ya huce. Littafin duka sura 1,189 ne, ga ki da shago da yara. Amma Sabon Alkawari sura 260 ne, sura ɗaya a rana kwana biyar a mako ya kai ki ƙarshe cikin mako 52, Asabar da Lahadi ki rama wanda ya wuce ki. Fara da Markus, sura 16 ne kacal. Kuma akwai na sauraro da Hausa a waya, ki kunna kina taka keke. Kar ki jira wata Janairu, wa ya ce miki Allah da kalanda yake aiki?

Ɗan Sabon Rai:
Mama ni dai a ganina mu daina rubuce-rubucen nan gaba ɗaya. Yakubu 4 ya ce ba mu san abin da gobe za ta kawo ba, sai dai mu ce in Ubangiji ya yarda. Duk shekara a ɗora wa mutane kaya ana kiɗa ana rawa ƙarfe goma sha biyun dare, kowa jikinsa na rawa, wa zai yi lissafi a lokacin?

Dattijo daga Kafanchan:
Ɗana ka faɗi rabi ka bar rabi. Yakubu bai hana shiri ba, fariya ya hana, ai Yesu da kansa a Luka 14 ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci. 'Yata, abubuwa ukun nan da kika rubuta ba nauyinsu ɗaya ba. Karatu da azumi horon kai ne, kin yi niyya kin gaza, ki rage ki ci gaba. Azumin ma mai olsa ba a ce dole sai cikin ya yi ciwo ba, ki ware sa'a guda ta addu'a ranar Laraba, ki ci abincinki ki sha maganinki. Amma katin gini wannan magana ce da kika ba jama'a, kwamiti sun sa kuɗinki cikin lissafin siminti da bulo, don haka ɓuyan nan da kike yi shi ne abin da ban so ba. Abin dariya kuma, amsarki tana cikin littafin da kika tsaya. Firistoci 27:8 ya ce wanda ya yi wa'adi amma talauci ya hana shi biyan abin da aka ƙayyade, a kawo shi gaban firist ya yanka masa kuɗi daidai ƙarfinsa. Bulus ma a 2 Korantiyawa 8:12 ya ce ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi ne, ba abin da ba shi da shi ba. Ki je wurin Fasto ko ma'ajin ranar da ba taro, ki ce ga abin da na rubuta ga abin da zan iya duk wata. Na daɗe a kwamiti, wanda ya zo ya yi bayani bai taɓa ba mu ciwon kai ba, masu ɓacewa ne ke sa mu rasa yadda za mu yi da magina.

Maman Biyu:
Amin Baba. Ƙari na kawai ki nemi mutum ɗaya a zumuntar mata ku riƙa karatun tare, ko da ta WhatsApp ne kowa ta turo ayar da ta taɓa ta. Kuma kar ki ci bashi ko ki ɗauki adashi don ki biya katin nan fa, na ga waɗanda suka yi haka sun ƙare da rigima biyu. Ɗinkin Ista na nan tafe, ki cire kaɗan daga kowane ɗinki ki ajiye gefe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Baba, na gode 'yan'uwa, Allah ya sāka. Zan je ofishin Fasto ranar Talata. Amma Baba maigidana bai san adadin da na rubuta a katin ba, in fara gaya masa ne ko in je tukuna?

Dattijo daga Kafanchan:
Ki fara gaya masa 'yata, yau ɗin nan bayan ya ci abinci. In ya yarda ku tafi tare.