Abin da masu horarwa suka ce kan hutu tsakanin gudu

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce ta hutu. Ƙarfin fizgar farko da tsoka ke ajiyewa bai wuce na daƙiƙa 10 ba, kuma sai an huta minti 3 zuwa 5 yake dawowa gaba ɗaya. Don haka mai neman sauri ya sheƙa mita 40 sau shida, yana hutawa sosai tsakani. In ya rage hutun zuwa daƙiƙa 30, cinyoyi su ɗau zafi, taku ya gajarta, ya koma horon juriya bai sani ba.

Juriya kuwa, sassarfa ta minti 30, sau uku a mako, da saurin da mutum zai iya magana yana gudu.