Bill Zito zai daɗe a Florida, ko kofi biyun nan ne za su zama sanadin tafiyarsa?

Ɗan Kaura, Ƙauran Namoda:

Assalamu alaikum. Na san ba mu da yawa, mu masu hana idonmu barci ƙarfe ɗayan dare saboda hokin ƙanƙara, amma ga tambaya ga waɗanda suka san harkar. Florida Panthers ta kai wasan ƙarshe na kofin Stanley sau uku a jere: ta sha kashi a hannun Vegas a 2023, ta doke Edmonton a 2024 da 2025. Kowa ya san Bill Zito ne ya gina ta tun da aka ba shi janar manaja a Satumban 2020. A ƙwallon ƙafa, mutum ya yi irin wannan aiki a ƙungiyar da ba ta cikin manya, kafin ka ankara masu kuɗi sun ɗauke shi. To a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, yaya abin yake? Toronto ko New York Rangers ba za su iya zuba masa dala su janye shi ba? Kuma me ake dubawa a gane manaja zai zauna ko yana kan hanyar fita?

Bakabe, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara cire tsarin ƙwallon ƙafa daga ranka, don shi ne zai ruɗe ka. A can, komawa babbar ƙungiya na nufin za a ba ka kuɗin cefane ninkin-ba-ninkin. A NHL babu wannan. Tun 2005 akwai iyaka ɗaya ga jimillar albashin 'yan wasan kowace ƙungiya: ta fara da dala miliyan 39, a kakar 2025-26 ta kai miliyan 95.5, kuma duk ƙungiyoyi 32 ƙarƙashinta suke. Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi ma, sai musaya. Wato idan Zito ya koma Toronto gobe, kuɗin da zai kashe kan 'yan wasa bai ƙaru da ko sisi ba. Abin da zai ƙaru shi ne 'yan jarida a ƙofarsa kullum, da magoya bayan da rabonsu da kofi tun 1967. Zai kuma bar jihar da ba ta karɓar harajin albashi, wanda hakan kan sa ɗan wasa ya yarda da ƙasa da abin da zai nema a Kanada.

Albashin manaja shi kansa ba ya cikin wannan iyaka, gaskiya ne, don haka mai kuɗi zai iya yi masa tayi mai tsoka. Sai dai ba ka da ikon yi wa ma'aikacin da ke cikin kwantiragi magana sai da izinin ƙungiyarsa. Ka yi ta bayan fage, hukumar gasar ta ci ka tara. A 2015 an gwada tsarin biyan diyya da gurbin zaɓen matasa (damar ɗaukar sabon matashi a zaɓen da ake yi duk shekara) idan ka ɗauki manajan wani, aka soke shi a farkon 2016. Yanzu mai ƙungiya da ya saki manajansa ba ya samun komai. To me zai sa ya sake shi?

Ƙofa ɗaya ce al'ada ta bari a buɗe: idan muƙamin da ake kiran mutum ya fi wanda yake kai, ba a cika hana shi ba. Wannan ƙofar ce Florida ta rufe a Afrilun 2024, tun kafin kofin farko ya shigo hannu, lokacin da ta tsawaita kwantiraginsa ta kuma ƙara masa muƙamin shugaban harkokin hoki. Ba wanda ke samansa a harkar wasa sai mai ƙungiya, Vincent Viola, wanda ya saye ta a 2013. Ba wani ƙarin girma da Toronto za ta yi masa alkawari. Vegas ma haka ta yi a 2019: da ta ga ana zawarcin Kelly McCrimmon, sai George McPhee ya hau kujerar shugaba ya bar masa ta manaja, suka ci kofi tare a 2023.

Ni a ganina batun a sace shi, ka kwantar da hankalinka.

Bazamfare, Gusau:

Malam Bakabe, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka amsa rabin tambayar ne. Ba a cika sace manajan da ya ci kofi ba, korarsa ake yi. Ray Shero ya ci da Pittsburgh a 2009, aka sallame shi a 2014. Peter Chiarelli ya ci da Boston a 2011, ya sake kaiwa wasan ƙarshe a 2013, aka kore shi a Afrilun 2015. Wanda ya fi kama da Zito shi ne Dean Lombardi: kofi biyu da Los Angeles, 2012 da 2014, amma a Afrilun 2017 aka haɗa shi da kocinsa Darryl Sutter aka sallama rana ɗaya.

Kuma sababin kusan ɗaya ne. Ƙungiya kan ci kofi ne lokacin da wasu 'yan wasanta ke ba da fiye da abin da ake biyansu. Zito gwani ne a nan: Gustav Forsling kyauta ya tsince shi bayan Carolina ta sake shi a farkon 2021, Carter Verhaeghe kuma dala miliyan ɗaya a shekara ya fara ba shi bayan Tampa ta ƙyale shi. To amma da an ɗaga kofi, kowa zai zo karɓar ladansa, kuma manaja na jin nauyin mutanen da suka fitar da shi kunya. Lombardi ya ba Jonathan Quick shekara 10, Dustin Brown 8, Marian Gaborik 7. Shekaru suka ja, ƙafafu suka yi nauyi, albashi bai ragu ba. Daga 2015 zuwa 2017 wasa ɗaya tak suka ci a zagayen neman kofi.

Yanzu duba littafin Florida. Barkov dala miliyan 10 a shekara da Tkachuk 9.5, duka har 2030. Reinhart 8.625 har 2032. Bennett 8 da Ekblad 6.1 har 2033. Verhaeghe 7, Forsling 5.75. Sai Brad Marchand, ɗan shekara 37 da aka ba shekara shida a kan 5.25, wato zai kai 43 kafin ta ƙare. Mutum takwas ke nan sun cinye kimanin miliyan 60 cikin 95.5, ba a sa gola ba, alhali ƙungiya na ɗaukar har mutum 23.

Idan ɗayansu ya faɗi fa? Kwantiragin NHL ba a yaga shi. Mafita ita ce ka saye ragowar: ɗan wasa mai shekara 26 zuwa sama ana biyansa kashi biyu cikin uku na abin da ya rage, a shimfiɗa a ninkin shekarun da suka rage. Misali saura shekara uku a kan miliyan 6, jimilla 18. Za ka biya 12 cikin shekara shida, miliyan 2 duk shekara na zaune a cikin iyakarka ga mutumin da ba ya buga maka. Kuɗin sa hannu kuwa ba ya raguwa ko kaɗan. Minnesota ta ɗanɗana: ta sallami Parise da Suter a 2021, sai ga kusan miliyan 15 a shekara sun mutu mata a kaka biyu a jere.

Abin da ya fi damuna ma shi ne matasa. Maganin tsufan taurari shi ne yaro mai arha da ke kan kwantiraginsa na farko na shekara uku. Florida ba ta zaɓi kowa a zagayen farko na zaɓen matasa ba a 2022, 2023, 2024 da 2025, duk an bayar a musaya, an kuma ƙara bayar da na gaba wajen ɗauko Seth Jones da Marchand. Kamar manomin da ya daka irin shukarsa ne ya yi tuwo: an ƙoshi, ba mai musu, amma damina na tafe. Kuma kofi biyu sun cancanci hakan, ban ce ya yi kuskure ba. Na dai ce shekarun 2028 zuwa 2030 ne za su yi hukunci, ba 2025 ba.

Ɗan Kaura, Ƙauran Namoda:

Allah ya saka muku da alheri. To amma Steve Yzerman fa? Ba a kore shi ba, kuma Tampa na kan ganiyarta ya tafi. Ashe ke nan akwai hanya ta uku.

Ta Kanta, Argungu:

Akwai kuwa, ɗan'uwa, kuma ita ce lissafi ba ya kamawa. Yzerman ya riƙe Tampa daga 2010, ya sauka a Satumban 2018 saura shekara ɗaya a kwantiraginsa. Iyalinsa na Detroit, garin da ya yi duk rayuwarsa ta wasa, mafi yawanta yana kyaftin. Ya ƙarasa shekarar a matsayin mai ba da shawara, a Afrilun 2019 ya karɓi Detroit. Lura da yadda ya bi: bai tsallake kwantiragi ba, sauka ya yi daga kujerar tukuna. Mataimakinsa Julien BriseBois ya gaje shi ya ɗaga kofi a 2020 da 2021 da mutanen da akasari Yzerman ya tara. Jim Rutherford ma da kansa ya ajiye aiki a Pittsburgh a Janairun 2021, ana farkon kaka, bayan kofunan 2016 da 2017.

Sai kuma masu tafiya saboda an bar kwantiragi ya zo ƙarshe ba a sabunta ba, kuma wannan ita ce alamar da ta fi kowace bayyana. Kyle Dubas ya shiga kakar 2022-23 a shekararsa ta ƙarshe. Ƙungiyarsa Toronto ta tsallake zagayen farko na neman kofi karon farko tun 2004, amma tattaunawarsa da shugabansa Brendan Shanahan ta watse, aka raba gari a watan Mayu, cikin mako biyu Pittsburgh ta ɗauke shi a matsayin shugaba. Ken Holland ya kai Edmonton har wasa na bakwai na zagayen ƙarshe a 2024, kwantiraginsa ya ƙare, ya tafi. Duk manajan da ka ga ya shiga shekarar ƙarshe ba a ce komai ba, fara shirin bankwana. Matsalar Dubas kuma ita ce akwai mutum tsakaninsa da masu ƙungiya. Zito ba shi da wannan.

Ku biyun da kuka gabace ni, ina ga kun bar abin da ya fi yiwuwa. Yanzu manajan da ya yi nasara ba barin ƙungiya yake yi ba, hawa sama yake yi. Joe Sakic ya ci kofi da Colorado a 2022, bayan 'yan makonni ya zama shugaba ya miƙa wa Chris MacFarland. St. Louis ta sanar tun 2024 cewa Alexander Steen zai karɓi kujerar Doug Armstrong a 2026, shi kuma ya ci gaba da shugabanci. Aikin janar manaja ba ƙaramin wahala ba ne: waya da wakilan 'yan wasa dare da rana, ranar rufe musaya a watan Maris, zaɓen matasa mai zagaye bakwai a ƙarshen Yuni, buɗe kasuwa 1 ga Yuli, ga ƙungiyar reno da ke ƙasa. An haifi Zito a 1964. Tunda muƙamai biyu ne a hannunsa, ba sai an ƙirƙiro masa komai ba, ɗaya kawai zai ajiye. Ranar da ka ji wata ƙungiya ta nemi izinin ganawa da wani mataimakinsa aka hana, to magaji ake tanada.

Saboda haka tambayar ta rabu biyu. Zama a Florida, ina sa ran zai daɗe. Zama a kujerar janar manaja ita kanta, wannan ban ba shi tsawon abin da David Poile ya yi a Nashville ba, 1997 zuwa 2023.

Bakabe, Birnin Kebbi:

Hajiya ta kawo magana. Amma Malam Bazamfare, akwai inda kwatancenka da Lombardi ya yi rauni. Adadin dala ba shi ne abin dubawa ba, kason da ya ci a cikin iyaka shi ne. An riga an sanar cewa iyakar za ta hau zuwa miliyan 104 a 2026-27, sannan 113.5 a 2027-28. Miliyan 60 ɗin nan da ka lissafa kashi 63 ne cikin ɗari a 2025-26. A 2027-28 za ta koma kusan kashi 53 ba tare da an taɓa kowa ba. Zito tsohon wakilin 'yan wasa ne kafin ya yi shekara bakwai a ofishin Columbus, ya san abin da yake yi da ya ɗaure su da dogon zango kafin farashi ya tashi. Shekara shidan Marchand ma dabara ce ta shimfiɗa kuɗin don adadin shekara-shekara ya sauko.

Inda na yarda da kai shi ne lissafin nan ya dogara da iyakar ta ci gaba da hawa. Ta taɓa tsayawa cak a miliyan 81.5 kaka uku saboda korona, manajoji da yawa suka rasa inda za su sa kansu. Sannan jiki ba ya bin lissafi: kaka uku a jere ana buga wasa har watan Yuni, ga wasa 82 na gasa kafin a fara zagaye huɗu na neman kofi, rauni zai biyo baya ko ba jima ko ba daɗe.

Ɗan Kaura, ga abin da za ka sa wa ido kafin sauran. Kwantiragin gola Bobrovsky na miliyan 10 ƙarshensa 2026 ne, yana dab da shekara 38, kuma Spencer Knight da ake renon ya gaje shi an bayar da shi ga Chicago a cinikin Jones. Yadda Zito zai cike wannan raga, da nawa, da kuma shekara nawa, shi zai fara nuna maka ko hanyar Lombardi ya kama ko ta BriseBois.